Fasinjojin kwamfuta sun tafa min, Kawu ya ce na cinye rabin titi

Yau kusan wata 7 ke nan da na sa manhajar fasinja a similetana, wato wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, kuma tun lokacin abokai biyu-uku da muke wannan haukar tuƙin jirgi tare suke damuna wai in faɗa musu tsakani da Allah ko ta ci kuɗinta. To ga shi na zauna. Amma tun farko in gaya muku ba zan kama sunan wadda na saya ba, don yawancin abin da zan yi ƙorafi a kai ba laifin mutum ɗaya ba ne, halin irin kayan ne gaba ɗaya, kuma ba na son a ce na zo ɓata wa wani kasuwa.

Ni dai tun zamanin FSX, tsohon similetan Microsoft, nake wannan abu, a wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da in ta yi zafi sai ka ɗora ta kan bulo biyu ka kunna mata fanka. Da Microsoft Flight Simulator sabo ya fito a Agustan 2020 sai da na yi shekara biyu ina kallonsa a YouTube kawai kafin na haɗa na'urar da za ta iya ɗaukarsa, saukar da shi kuwa ya wuce giga 100, wanda ya san kuɗin forfe a garin nan ya san abin da nake nufi, dare huɗu na yi ina kai kwamfutar wurin wani abokina mai konekisiyo mai kyau. Na gama duk wannan, na tashi daga DRZR, filin jirginmu na nan Zinder, na sauka DRRN a Yamai sau ba adadi, sai wata rana na ji abin ya fara gundurata. Ka yi lissafin mai a SimBrief, shafin tsara tafiyar jirgi, ka cika kwamfutar jirgi, ka tashi, ka sauka, ka kashe inji, shiru. Kamar direban kar da ya taso daga tasha ya yi kilomita 900 har Yamai ya waiwaya ya ga ashe ba kowa a baya. Ko ka juya jirgin kamar waina ba mai cewa uffan.

Wannan shirun ne manhajojin fasinja suke sayar da maganinsa. Kuma ba yau aka fara ba, FsPassengers tun zamanin FS2004 take, similetan da ya riga FSX, tsofaffin hannu duk sun san ta. Daga baya ga PACX ta kamfanin TFDi Design, ga Passenger2, ga Self Loading Cargo wadda sunanta ma barkwancin matuƙa ne, haka suke kiran fasinja a tsakaninsu, wai kaya mai loda kansa. Akwai kuma GSX ta FSDreamTeam amma ita aikinta daban ne, ta ƙasa ce, ita ke kawo matakala da bas da motar abinci da mai tura jirgi baya, ka ga mutane suna tafiya suna hawa da idonka. Kada mutum ya haɗa su, na ga wanda ya sayi ɗaya yana zaton ɗayar ce. Tawa cikin masu kula da cikin jirgi take, wato hawa, zama, abinci, sanarwa, da makin da fasinja ke ba ka a ƙarshe.

Sayenta ma wani labari ne. Da kati ake biya, kuɗin waje, ni kuma katina ya ƙi, sai da na tura wa wani ɗan uwa da ke Faransa ya biya min na mayar masa ta nan. Yuro 1 dai sefa 655 da 'yan kai ne ba ya motsi, da na haɗa da kuɗin aike abin ya tasar min wajen jika 15. Ba kuɗin da zai talauta mutum ba ne amma kuma ba kuɗin wasa ba ne, uwargida ta ce min da buhun gawayi na sayo da an gode min.

Bari in fara da yabo don akwai abin yabo wallahi. Ranar farko na zaɓi ATR 72, wanda ya fito wa similetan a 2023, don shi ne ya fi kama da irin jiragen farfela da ke yin hanyoyinmu na cikin gida, na sa fasinja 62, na buɗe ƙofa. Sai na fara jin hayaniya a kunne, takun ƙafa, ana rufe akwatunan sama, jariri na kuka can baya, ga taswirar kujeru a gefen allo ɗigo-ɗigo suna cikewa, in ka taɓa ɗigo ɗaya ya nuna maka sunan mutum da shekarunsa da ko yana jin yunwa ko ƙishi ko fitsari ko tsoro. Shugabar ma'aikata ta kira ni ta ce an gama hawa a rufe ƙofa. Ban san lokacin da na gyara zama ba. Hannuna da kansa ya yi sanyi a kan joyistik, kwanar da da nake kwantar da jirgi digiri 40 ba ruwana sai ga ni ina tsayawa a 25, birkin da nake takawa kamar ɗan kabu-kabu ya hango akuya sai na koma lallaɓa shi. Na fara saukowa daga sama da wuri maimakon in tsaya sai na zo kan gari in zubo kamar dutse. Na fara kula da agogo, don in ka makara mintoci suna cin maki. Wannan kaɗai in aka ce shi na saya da jika 15 ba zan ce an cuce ni ba. Tafiyar Yamai da ke ɗaukar awa 1 da minti 40 haka, wadda da nake barin jirgi a otomatik in tafi shan shayi a ƙofar gida, yanzu ina zaune.

To amma bayan sati uku-huɗu sai ka fara gane dabarar, kamar mai kallon ɗan dabo da ya zagaya ta bayansa. Babu wani fasinja a ciki. Manhajar ma ba cikin similetan take ba, daga waje take zaune tana leƙo lambobi ta wata kafa da ake kira SimConnect, ko FSUIPC ga wasu, ko XPUIPC ga masu similetan X-Plane. Lambobin kuma ba su da yawa: digiri nawa ka kwanta, hanci sama ko ƙasa, nauyin da ya danne mutum a kujera, saurin da taya ta taɓa ƙasa da shi, fitilar bel a kunne ko a kashe, ƙarfe nawa. In lamba ta tsallake wani layi da mai manhajar ya ja, sai ta kunna sautin ihu ta rage maki. In ba ta tsallake ba sai tafi. Shi ke nan. Da zarar ka gano inda layukan suke to ka daina tuƙa jirgi ka koma tuƙa maki, kuma a nan ne na kusa lalacewa ban sani ba sai da Kawu ya zo.

Kawun nan nawa ƙanin mahaifiyata ne, ya yi shekaru yana aiki a filin jirgi ɓangaren meteyo kafin ya yi ritaya, bai taɓa tuƙa jirgi ba amma ya ga saukar jirage fiye da yadda ni na ga saukar ruwan sama. Ran wata Juma'a bayan masallaci ya biyo gaida Hajiya, ya tarar ina dawowa daga Yamai ina gab da sauka Zinder. Na ce Kawu zauna ka ga aikin ɗanka. Na zo kan titi na ja hanci a hankali, na bar ɗan wuta a inji, jirgi ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa yana shawagi, can ya taɓa kamar an ajiye ƙwai a kan auduga. Saurin taɓa ƙasa ƙafa 38 kacal a minti! Fasinjoji suka ɓarke da tafi, maki 98 cikin 100. Na juyo ina washe baki.

Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, mayar min da hoton baya." Na mayar. Ya sa yatsa a allo ya ce, "Ka ga waɗannan fararen zanen masu kauri? Nan ake so tayarka ta taɓa. Kai ina ka taɓa?" Na duba, na wuce su da nisa, kusan tsakiyar titi. Ya ce, "Ka cinye rabin titi don a tafa maka. Da damina ce titi ya jiƙe, da yanzu kana cikin gonar gero kai da masu tafin."

Na ce amma Kawu ai fasinja sun ji daɗi. Ya ce fasinja ya san me? Fasinja ƙugunsa kawai ya sani.

Abin ya tsaya min a rai, na je na yi ta karatu, kuma maganar tsohon ita ce. Waɗancan zanen masu kauri wajen mita 300 zuwa 400 suke daga bakin titi, kuma ƙa'ida ita ce ka taɓa cikin mita 900 na farko ko kashi ɗaya cikin uku na titin, in ka wuce to ka fasa sauka ka ƙara wuta ka zagayo. Jiragen fasinja an ƙera ƙafafunsu su jure taɓa ƙasa da saurin ƙafa 600 a minti a cikakken nauyin sauka, wannan sharaɗin ba su takardar izini ne, saboda haka saukar ƙafa 200 ko 250 ba komai ba ce a wurin jirgi, saukar yau da kullum ce. Har ma in titi ya jiƙe ko akwai iskar gefe, so ake ka dasa jirgin da ɗan ƙarfi, don taya ta huda ruwan ta kama kwalta, nauyi ya hau kanta, faifan da ke kan fiffike su miƙe su kashe ɗagawa, birki ya samu abin kamawa. Saukar lallaɓa tana jinkirta duk wannan. Sati na gaba na gwada, iska na bugowa daga gefe, na dasa ATR ɗin daidai kan zanen, ƙafa 260 a minti, tsakiyar layi cif. Manhaja ta sa wata mata ta yi ƙara, ta rubuta min wai saukar ta yi tsauri, maki 81. Wato ranar da na yi ganganci 98, ranar da na yi daidai 81. Wanda bai da irin Kawu a gida haka zai yi shekara yana koyon abin da malamin tuƙi na gaskiya zai ranƙwashe shi a kai. Kuma lambar ma kanta ba abin rantsuwa ba ce, saboda manhajar leƙowa take yi lokaci-lokaci, in kwamfutarka ta ɗan sarƙe daidai lokacin taɓawa sai ta kama lambar gaba ko ta baya, na sha ganin sauka iri ɗaya ta ba da sakamako biyu.

Fasa sauka ma haka. Matuƙin da ya ga abin bai daidaita ba ya ƙara wuta ya zagayo, a aikin gaske yabonsa ake. A nan kuwa tsoron fasinja ya hau, lokaci ya tafi, maki ya zube. To me kake koya wa yaro ɗan shekara 15 da ke mafarkin zama matuƙi? Ka tilasta sauka ko ta halin ƙaƙa?

Abu na biyu da ya dame ni, an mai da kyaftin ɗan tebur. Ina tsakiyar hawa sama ina magana da hasumiya sai saƙo ya faɗo wai a fara raba abin sha? Wai mai kujera 14C ya zubar da kofi, me za a yi? Wai banɗakin baya ya toshe. Haba jama'a. A jirgin gaske dalilin da ya sa doka ta ce kowace kujera 50 sai da ma'aikaci 1 ke nan, kuma suna da shugabansu, shi ke yanke irin wannan. Ƙasa da ƙafa 10,000 ma an hana matuƙa duk wata hira ko harkar da ba ta tuƙi ba, dokar da Amurka ta kafa tun 1981 sauran duniya ta bi, ga ƙofar ɗakin matuƙi a kulle gam tun bayan harin 11 ga Satumba 2001. Kyaftin bai san wa ya ci kaza wa ya ci kifi ba, kuma bai kamata ya sani ba. Gaskiya akwai wurin da za ka sa ma'aikatan su yi komai da kansu, na sa, amma da ka sa sai ka ga rabin abin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, ya rage sauti kawai da maki. Sun rasa yadda za su yi ne: in sun bar ka da aikin matuƙi na gaskiya ba ka da abin dannawa, in sun ba ka abin dannawa sun fita daga gaskiya.

Yanzu ga inda ni abin ya fi ba ni dariya da haushi lokaci guda. Waɗannan fasinjojin ba namu ba ne. Ka taso daga Damagaram za ka Agadas, ka taɓa ɗigo ka ga sunayen Turawa reras, ko Musa ɗaya babu. Wannan mai sauƙi ne, akwai fayil ɗin sunaye, na zauna dare ɗaya na cika shi da namu. Amma hali fa? Hajiya ta taɓa shigowa ɗakin ina cikin gargada, hadarin Agusta na taso na kutsa gefensa, lasifika na ta kwarara ihun Turawa. Ta tsaya ta saurara, ita da ta je Makka sau biyu, ta ce, "Wannan wane irin jirgi ne ba mai salati?" Na ce Hajiya na kwamfuta ne. Ta ce ko na mene ne, jirgi ya girgiza haka ka ji ba Innalillahi ba La'ilaha illallahu, to ba mutane ne a ciki ba. Ta ce su da jirginsu ya faɗa rami a sama wata tsohuwa kusa da ita sai da ta yafe wa kishiyarta da ƙarfi kowa na ji. Wane mai manhaja ne zai rubuta wannan?

Da azumi kuma na yi jigila da rana tsaka, ƙarfe 1, ban raba abinci ba don a raina jirgi ne cike da masu azumi, sai ga ɗigogi duk sun yi ja, yunwa, ƙishi, maki 60 da wani abu, har da mai ƙorafin ba a kawo giya ba. Babu inda za ka gaya mata watan Ramadan ne. Babu wanda zai tambayi ma'aikaciya ina alƙibla, babu mai tambayar ko rana ta faɗi a sha ruwa, wanda a sama tambaya ce ta gaske tunda wanda ke ƙafa 20,000 yana ganin rana bayan ta faɗi wa na ƙasa. Na gwada jigilar alhazai zuwa Jidda da A320, nan ma ba sanarwar miƙati, ba addu'ar tafiya irin wadda jiragen Saudia ke sawa kafin tashi, dawowa ba jarkar zamzam mai lita 5 ta kowane alhaji a lissafin kaya. Fasinjan manhaja mutum ne guda ɗaya aka buga shi sau 180, yana jin yunwa kan agogo, yana zuwa banɗaki kan agogo, ba ya rigimar kujerar taga, ba ya zuwa da ƙullin kilishi da ya fi ƙarfin akwatin sama, ba ya miƙewa ya fara sauke kaya tun jirgi bai tsaya ba. Kai ko wannan na ƙarshen da duk duniya ake yi ban gani ba.

Inda suka kyauta shi ne sun bar ƙofa a buɗe ka sa sautinka. Na sa ƙanwata ta karanta sanarwa da Hausa da Faransanci a waya, muka yi ta maimaitawa don dariya take yi in ta zo wurin rigar ruwa, wai wane ruwa tsakanin Zinder da Agadas. Amma da na jera fayilolin na kunna, na ji "Jama'a barkanmu da shigowa, a ɗaura bel, a miƙar da kujera" cikin muryar gida, wallahi tsigar jikina ta tashi. Aikin kwana uku ne, sai ka sa wa kowane fayil sunan da manhajar ke nema daidai, harafi ɗaya ya kuskure ba za ta kunna ba kuma ba za ta gaya maka dalili ba.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ainihin inda fasinja ya shafi matuƙi. A aikin gaske ba a auna kowa a sikeli, ƙiyasi ake, a ƙa'idar Turai babba kilo 84 ne har da jakar hannu, in an raba namiji 88 mace 70 yaro 35. Kuma inda suka zauna yana da muhimmanci, in duk suka taru a baya ma'aunin jirgi ya koma baya. ATR 72 ta ƙofar baya ake hawansa, kaya a gaba, shi ya sa ake sa masa ɗan sanda ƙarƙashin wutsiya lokacin lodi kada ya zauna da gindi. Manhajata ba ta san wannan ba. A taswirarta mutane ta gaba suke shigowa, kuma ko na kwashe su duka na mayar baya jirgin bai ji komai ba, saboda fasinja 62 da ke cikinta da nauyin da ke cikin allon lodin jirgin ba su san juna ba, sai ni zan kwafa da hannu. Da wasu jiragen tana haɗuwa, da wasu ba ta yi. Dalili shi ne jirage masu zurfi irin waɗanda kamfanonin Fenix da PMDG ke yi wa similetan kowanne da nasa tsarin na ciki da sunayen maɓallansa, sai mai manhaja ya bi su ɗaya-ɗaya ya haɗa, in jirgi ya samu sabuntawa kuma abin ya iya tsinkewa. Haka na yi sati biyu ina kunna fitilar bel manhaja na cewa ban kunna ba tana cin makina.

Ga zafi. Filinmu wajen ƙafa 1,500 yake sama da teku, in Afrilu ta yi zafi ya kai digiri 43 iska ta yi sirara, jirgi ji yake kamar yana tashi daga wurin da ya kai ƙafa 5,000, inji ba ƙarfi, gudu a titi ya ƙaru. Similetan kansa yana lissafa wannan da kyau. A irin ranar matuƙin gaske zai iya cewa a rage kaya ko a rage mutum, kuma a nan ne rigimar fasinja ta gaskiya take, wa za a bari? Manhaja ba ta da wannan babin sam. Haka hazo. Disamba zuwa Fabrairu in ƙurar hunturu ta sauko gani ya faɗi ƙasa da mita 1,000, jirgi ya zo ya kasa ganin titi ya juya, ko ma bai taso ba mutane su kwana biyu suna zarya filin jirgi. Na taɓa juyawa na koma Yamai saboda haka, hukuncin da Kawu da kansa ya ce shi ne daidai, manhaja ta rubuta wai na sauka a filin da ba shi ba ne, ta ba ni makin da ko a lakwal aka ba yaro sai an kira ubansa. Akwai maɓallin sanar da canjin fili, na yarda, amma lokacin da kake fama da jirgi cikin ƙura ba ka ganin komai wa ke tuna wani maɓalli a wata taga ta daban?

Umarni da murya kuwa na haƙura da shi. Yana dogara ne da mai gane magana na Windows kuma Ingilishi yake so, tawa kwamfutar da Faransanci take kamar ta kowa a nan, sai da na sauke fakitin harshe, bayan nan ma in na ce a rufe ƙofa sai ta fara raba abinci. Ingilishin ɗan Damagaram da ya yi lakwal da Faransanci, ga fanka na kaɗawa ga awaki a tsakar gida, ban ga laifinta sosai ba.

Wuta ita ce babbar matsala kuma wannan ba laifin kowa ba ne a can, sun rubuta abinsu don ƙasar da ba a ɗaukewa. In wuta ta tafi kana tsakiyar tafiya, tafiyar ta mutu, fasinja da maki da awannin da ka tara duk babu, wani lokaci ma ta rubuta maka a tarihi kamar ka yi hatsari. Sau uku ta yi min haka a watan Mayu kafin na sayi ɗan batirin da ke riƙe kwamfuta minti 10. Saurin lokacin similetan kuma in ka ninka shi don ka riga masu ɗauke wuta, sai lissafin yunwa da na rabon abinci su rikice. Nauyi a kan kwamfuta dai ba ta da shi sosai, ban ga hoto ya ragu ba, kuma ba ta cin intanet in ban da lokacin da take duba lasisi, wanda shi ma ranar da layi ya yanke ta ƙi buɗewa.

To wa zan ce ya saya? In kai mai ƙaramin jirgi Cessna ne kana zagaya duwatsun Birni kana leƙen fadar Sarki daga sama, bar kuɗinka. In ba ka iya sauka daidai ba tukuna, kada ka kusance ta, za ta koya maka neman tafi, fara koyon dasa taya kan zane sau 100. In kuma so kake a gwada ka da gaske, VATSIM da IVAO kyauta ne, ta intanet mutane ne masu rai ke zama hasumiya suna ba ka umarni, duk da cewa sararinmu yawanci ba kowa sai ka yi sa'a. Amma in ka riga ka iya jirginka, shirun nan ne ya ishe ka, kuma za ka iya kallon maki 81 ka yi dariya, to saya, hayaniyar hawa da muryar ma'aikata kaɗai suna canja zaman. In da zan ba ta maki yadda take ba ni, sauti da yanayi 8 cikin 10, sanin aikin matuƙi 4, sanin fasinjanmu 1, shi ma ɗayan don ta bar ni na sa muryar ƙanwata ne.

Ni yanzu na shiga saiti na kashe tafi da ihun sauka gaba ɗaya, na bar rabon abinci a hannun ma'aikata, makin ƙarshe ko buɗe shi ba na yi. Kawu ya ce Juma'a mai zuwa zai dawo mu yi Agadas, wai in sa iskar gefe mai gudun not 18 (ma'aunin gudun iska) kuma shi zai riƙe takarda ya rubuta inda taya ta taɓa. Hajiya kuma ta ce in ana son salatin gargada a zo da waya ɗakinta bayan isha'i, ita da maƙwabciyarta za su yi, amma sai na biya goro.